Saƙo Zuwa Ga Uwar Ƙorafi

Mai Zare tana tsaye a kan kujera, hannunta ɗaya cikin kwalin zif da ke can saman kanta, sai ƙaninta ya ɗago kai daga wayarta ya ce ya tafi.

Ba ta ko juyo ba, ta tambaye shi me ya tafi. Ya ce saƙon mana, saƙon da ya kwana biyu yana yi mata bayaninsa tana cewa to, to, alhali hankalinta yana kan ware maɓallai. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu, kowa da sunansa a sama, duk da dannawa ɗaya. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya harɗe hannu, yana jiran a yaba masa.

Injiniya ake ce masa a gida, tun ranar da ya gyara fanka yana ɗan shekara goma sha biyu, fankar ta kwana uku tana juyawa da baya. Yanzu ya haura arba'in, yana aiki a wani ofis mai sanyi, ya ɗauki hutun mako biyu, ya rasa inda zai kashe shi sai a shagon yayarsa. Shi a ganinsa ceto ya zo yi. Wata uku ke nan da buɗe wani ƙaton kanti a bakin babban titi, mai ƙofar gilashi da ke buɗe kanta, inda zare kaɗai ya ci layi huɗu. Shagon Mai Zare kuwa, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Tun da aka buɗe kantin ciniki ya ja baya, wannan ba ta musu. Abin da ba ta yarda ba shi ne a ce waya ce za ta dawo da shi.

Injiniya ya sake maimaita mata karatunsa. Manyan kantuna da saƙo suke kama mutane, a kira mutum da sunansa, ya ji kamar an san shi. Ita kuwa ta san mutanenta da gaske, amma ba ta nunawa. Ta sauko da kwalin a hammata ta ce to ya karanta mata ta ji abin da ta faɗa wa duniya. Ya gyara murya ya karanta.

"Barka da safiya, wane. A wurinmu ku na musamman ne, domin mun san ku ciki da waje. Ƙofarmu a buɗe take."

Ta ce ba laifi, amma wane ɗin fa? Ya yi murmushin masana, ya ce ai nan dabarar take. Wayar da kanta take cike gurbin da sunan kowa, kamar yadda aka ajiye shi.

"Kamar yadda aka ajiye shi a ina?"

"A wayarki mana, Yaya."

Mai Zare ta zauna a kan kujerar da ta sauko daga kanta, da shaidar takalminta da komai.

Abin da Injiniya bai sani ba, domin bai tambaya ba, shi ne yayarsa ba ta taɓa ajiye mai sayayya da sunansa na yanka ba. Ba don mugunta ba. Tela biyar ne a wayar masu suna iri ɗaya, mata kuwa ba a magana, to ta yaya mutum zai gane wa ke kira? Shi ya sa kowa da halinsa take rubuta shi. In waya ta yi ƙara ta ga Ba Wannan Ba, ta san za a sauke mata zare launi ashirin kafin a ɗauki na farko. In ta ga Rage Mini, sai ta sha ruwa tukuna. Shekara da shekaru tsarin yana aiki, daga ita sai wayarta.

Wayar ta fara ƙara a kan tebur. Injiniya ya leƙa, ya karanta a fili, a hankali, Gobe Da Safe, ya tambaya ko tunatarwa ta sa. Ta ce masa mutum ne. Tela ne na layin baya, wanda duk ɗinkin da aka kai masa gobe da safe zai gama. Ta ɗauka tana salati a zuci. Can ɓangaren babu komai sai dariya, irin wadda mutum yake yi har numfashi ya sarƙe. Da ƙyar ya iya gaya mata cewa matarsa ce ta fara ganin saƙon, kuma ta ce yau dai an sami mai faɗin gaskiya a unguwa. Ya ce zai shigo ya ɗauki allura. Ta tambaye shi yaushe. Ya fara cewa gobe, ya kama bakinsa, ya kashe wayar.

Kafin nan Injiniya ya yi tsuru-tsuru, yana jan sunaye da yatsa yana karantawa cikin ƙaramar murya. Gidan Rediyo. Sai Na Dawo. Hannun Jarirai. Ya tambaya ko akwai wanda aka rubuta da sunan kirki. Ta ce akwai, mai kawo mata ruwa, shi ma don ba ya saye ne. Ta ce ya janyo saƙon. Ya sosa ƙeya ya ce irin wannan ba ya janyuwa.

"To gangara ƙasa," in ji ta. "Can wajen ƙarshe. Duba min mutum ɗaya."

Ya gangara, ya tsaya, ya dube ta. Ya ce saƙon ya shiga. Ya ƙara dubawa ya ce an ma karanta.

Uwar Ƙorafi ba irin sauran ba ce. Ita ce mai makarantar koyon ɗinki da ke bayan asibiti, ɗalibai ashirin, keke goma sha biyu, kuma ita ke ɗinka wa makarantu uku kayan 'yan makaranta. Shekara goma sha tara duk zaren da ya shiga kekunan nan daga hannun Mai Zare ya fito, da zif, da roba, da alli, da man keke. A shekara goma sha taran nan kuma ba ta taɓa karɓar kaya ta tafi shiru ba. Zif ya yi tauri. Shuɗin ba shuɗin bara ba ne. Maɓallin nan rami huɗu ta ce ba biyu ba. Amma tana zuwa, kuma ita ce ta riƙe shagon tun da kantin ya buɗe. Mai Zare ta san sarai, ranar da matar nan ta juya baya, ƙofar shagon ba za ta ga ƙarshen shekara a buɗe ba. Ta kuma san mutanen kantin sun je makarantar har sau biyu da takardunsu masu hotuna.

Ta kira ta. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta sake kira, aka kashe.

Wajen ƙarfe goma mutane suka fara zuwa. Gidan Rediyo ce ta farko, wata mai saƙa huluna a gida, ta shigo a fusace da wayarta a sama tana tambaya yaushe ta zama gidan rediyo, ita da ba ta shiga harkar kowa. Mai Zare ta ba ta haƙuri, ta ba ta kujera. Fushin bai yi minti biyar ba matar ta tambaya, cikin raɗa, su sauran me aka rubuta musu. Da aka ƙi gaya mata sai ta ja kujerar zuwa bakin ƙofa, duk wanda ya zo ta tare shi ta ce ya nuna nasa. Kafin azahar babu tela a unguwar da bai san sunan ɗan'uwansa ba.

Ba Wannan Ba ta iso da fuska a ɗaure, ta dafa tebur ta ce ita sunanta ba wannan ba ne, shagon ya ɗauki dariya, ita ma da ta ji abin da ya fito daga bakinta ta rufe fuska da mayafi. Rage Mini ya ce tunda an ci masa mutunci a rubuce, dole yau a rage masa. Sai Na Dawo, wani dogon dattijo mai gyaran jakunkuna, ya tsaya a tsakiyar shago ya ce yana da magana mai yawa a bakinsa, ya dubi jama'a, ya dubi kwalaben maɓallai ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, ya ce amma sai ya dawo. Ya fita ana ta buga tebur.

Ba kowa ne ya yi dariya ba. Hannun Jarirai bai zo ba, saƙo ya aiko, layi ɗaya, cewa ta goge lambarsa. Ta kira shi ya ƙi ɗauka, kuma abin ya yi mata ciwo, domin mutumin bai taɓa yi mata komai ba illa son araha. Wasu mutum biyu suka wuce ta gaban shagon ba su gaisa ba.

Duk da haka shagon ya cika irin cikar da bai yi ba tun kafin kantin ya buɗe. Wanda ya zo faɗa sai ya tuna yana buƙatar alli. Injiniya, da ya wuni a lungu kamar kazar da ruwa ya daka, ya fara miƙewa. Ya matso kusa da yayarsa ya ce in aka duba da kyau, dabarar ta yi aiki. Ta yi masa kallo ɗaya ya koma naɗe roba.

Ita hankalinta ba ya shagon. Tana miƙa kaya tana duba waya. Ƙarfe ɗaya, shiru. Ƙarfe biyu, shiru. Matar da kan kira ta a kan maɓalli ɗaya da ya fashe, yau an kira ta Uwar Ƙorafi kuma ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zagi tsoratar da Mai Zare.

Ƙarfe uku ta ɗauki jakarta. Injiniya ya ce ta tsaya ya tsara mata saƙon ban haƙuri mai kyau, ya san yadda ake yi. Ta ce in ya ƙara taɓa wayar nan sai ta ɗinke masa yatsu. Ta bar shi da shago, ta gaya masa abin da bai san kuɗinsa ba kada ya sayar, ta fita da ƙafa.

Makarantar tana hawa na biyu, a saman wani shagon magani. Tun daga matakala ake jin ƙarar kekuna. Tana sa ƙafa a ƙofa ƙarar ta ɗauke ɗif, kawuna ashirin suka ɗago, suka koma ƙasa da sauri, kafaɗu suna rawa. A can ƙarshen ɗaki Malama, wato Uwar Ƙorafi, tana tsaye a bakin teburin yanka, da tef a wuya da almakashi a hannu. A kan teburin kuwa, manyan ledoji uku ne masu tambarin sabon kantin, cike fam.

Ta yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Malama ta ce wa ɗalibai wa ya ce su tsaya, kekuna suka ci gaba. Ba ta ba ta kujera ba. Ta ci gaba da yanka yadi tana magana ba ta ɗago ba. Ta ce da safe ta manta tabarau a gida, saƙo ya shigo, ta miƙa wa wata ɗaliba ta ce ta karanta mata da ƙarfi, domin ta zaci daga makarantun da take wa ɗinki ne. Yarinya kuwa ta karanta da ƙarfi, tun daga barka da safiya har zuwa ciki da waje. Ta ce shekara talatin tana koyarwa, ba a taɓa yi mata dariya a aji ba sai yau.

Mai Zare ta so ta ce ƙaninta ne ya aika. Ta haɗiye. Shi ya aika, amma ba shi ya rubuta ba.

"Ni na rubuta, Malama," ta ce. "Da hannuna, tun wayata ta farko. Na yi kuskure, kuma kunyar da kika ji a gaban yaran nan ni na jawo miki. Ki yi haƙuri."

"Ashe a bayan idona haka kike kirana."

Malama ta faɗe shi a hankali, ba da faɗa ba, kuma a nan Mai Zare ta gane matar ba fushi kawai take ba, zuciyarta ce ta sosu. Mai Zare ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka a kan ledar da ke kusa, wadda bakinta yake buɗe. Hannunta ne ya tafi da kansa, wallahi ba da niyya ba. Ta zaro zare ɗaya, ta warware kamu guda, ta naɗa a yatsu biyu ta ja. Ya tsinke ba gardama. Ta duba lambar, ta yi tsaki.

Ta tambaya wa ya ba ta wannan. Ba ta jira amsa ba, ta ce wannan na sababbin kekunan lantarki ne, kekunan ƙafa na nan ba za su ɗauke shi ba, balle na uku da na bakwai da suke cin zare ko da mai kyau ne. Ta buɗe leda ta biyu ba a ce ta buɗe ba, ta ce allurar nan ta yi siriri wa yadin wandon yara, kafin a gama dozin an karya goma. Zif ɗin kuwa kyau ne da shi a ido, a bar shi ya sha wanki uku a gani. Ta ce wane irin mutum ne zai sayar wa mai keke goma sha biyu kaya bai tambaye ta irin kekunan ba?

"Au," in ji Malama. "Ƙorafi kika zo yi min?"

Wata ɗaliba ta ƙyalƙyale da dariya, ta mayar da shi tari. Mai Zare ta ajiye zif ɗin kamar ya ƙone ta.

Malama ta ajiye almakashi, ta zauna. Ta ce daga ajin nan ta wuce kantin kai tsaye, da zafinta, ta cika kwando. A wurin biya ta ja zif ɗaya ta ji yana cijewa, ta yi magana. Yarinyar da ke wurin ta yi mata murmushi mai kyau, ta miƙo mata takarda da biro, ta nuna mata wani akwati a bakin ƙofa ta ce ta rubuta ta jefa a ciki, ana dubawa duk ƙarshen wata. Ta ce ta tsaya da takardar a hannu kamar wadda ta zo neman aiki. Amma wannan ba ya nufin ta huce, kada Mai Zare ta ɗauka ta huce.

Mai Zare ta ce ba ta ɗauka ba. Sannan ta ce tunda yau ranar tonon asiri ce, akwai saura. Duk sabon kayan da dillali ya kawo mata, ba ta saye da yawa sai ta fara cusa kaɗan a cikin kayan Malama. Daga nan sai ta jira waya. In waya ta zo, ta mayar wa dillali kayansa. Dillalai uku ta sallama a kan bakin Malama, har da wanda suka yi shekara takwas tare.

"In kuma kwana uku suka wuce ba ki kira ba," ta ce, "sai in sayi kwali goma ido rufe. Duk unguwar nan, abin da kika bari ya wuce shi suke ɗinki da shi."

Malama ta daɗe tana kallonta. Ta ce wato shekara goma sha tara tana yi mata aiki ba albashi. Mai Zare ta ce haka ne. Malama ta ce wannan ma abin magana ne, kuma za a yi ta. Ta jawo wayarta, ta ari tabarau a hannun wata ɗaliba, ta buɗe saƙon, ta riƙe shi nesa da fuska tana karantawa da kanta a karo na farko. Sai ta haɗe gira.

"Zo nan. Mene ne wannan?"

Mai Zare ta matso tana cewa za ta goge, yanzun nan, a gabanta, ta sa sunanta na gaskiya da Malama a gaba.

"Ban ce ki goge ba. Karanta min abin da kika rubuta."

Ta duba. Uwar Korafi.

"Korafi," in ji Malama, ta fito da kalmar a sake kamar yadda aka rubuta ta. "Mene ne korafi? Ina lanƙwasar? Shekara da shekaru kina zagina, ashe ko rubuta zagin daidai ba ki iya ba. Mutum ya buɗe wayarki ya gani, ya ce ni ce ban koya miki ba."

Mai Zare ta ce ita wayarta ba ta da mai lanƙwasa, ta nema ta rasa. Malama ta ce kowace waya tana da ita, mutane ne ba su da haƙuri. Ta miƙo hannu. Mai Zare ta tuna abin da ya faru da safe da ta ba wani wayar nan, sannan ta miƙa.

Malama ta nemo sunan, ta goge harafin, ta danna ta riƙe, harshenta a gefen baki kamar mai zura zare a allura. Ta duba aikin sau biyu. Ta ce gobe ƙarfe tara za ta shigo, a ware mata zaren kekunanta, kuma shuɗin ya zama na bara, ba wannan mai kama da ruwan wanki da aka ba ta watan jiya ba. Ledojin nan kuma Mai Zare ta san yadda za ta yi da su, tunda ita ta jawo.

Ta miƙo wayar, ta goge yatsunta da ƙyalle.

"Kuma wayar nan taki duk maiƙo."

Mai Zare ta karɓa da hannu biyu, ta ce za ta goge.